Manjagarar sauke dusar ƙanƙara daga rufi: yadda ta yi mini a Minnesota

Duk ɗan'uwan da ya sayi gida a jihar Minnesota ta Amurka, shawarata ita ce ya nemi manjagarar rufi tun Nuwamba bai fita ba. Tawa na saye ta dala ɗari da 'yan kai a hunturun 2022 zuwa 2023, wanda dusar ƙanƙara ta kai inci 90.3 a biranen Minneapolis da St. Paul, na uku mafi yawa a tarihin yankin, kuma har yau da ita nake aiki.

Iri biyu ake sayarwa. Akwai mai faffaɗan baki da ake ɗorawa kan rufi a jawo dusar, akwai kuma mai firam da doguwar leda a bayanta. Ta biyun na ɗauka. Ita turawa ake yi sama, firam ɗin ya yanko dusar ta ƙasa, sai ta sulalo kan ledar ta faɗo gunduma-gunduma. Ƙotarta guntu-guntu ce, a haɗa ta yi tsawo, a kwance ta shige lungun gareji. Abin da ya fi burge ni shi ne ƙananan tayoyin da ke ƙarƙashin firam, domin su ke hana ƙarfe kankare tsakuwar da ke jikin fale-falen rufin. Ga shi kana tsaye a ƙasa, babu hawa tsani a kan santsi.

Mutanenmu da yawa nauyin dusar suke tsoro, don a nan ba a manta da rufin filin wasa na Metrodome ba, wanda ya rufta ranar 12 ga Disamba 2010 bayan dusa ta kai inci 17. Amma a gidan zama, abin da ya fi yin ɓarna shi ne ƙanƙarar da ke daskarewa a bakin rufi. Ɗumin ɗaki yana zurarewa ta silin ya dumama saman rufin, dusar da ke kwance a kai ta narke ta ƙasa, ruwan ya gangaro. Da ya iso bakin rufi, inda ya zarce bango kuma ɗumi ba ya kaiwa, sai ya daskare. A hankali ƙanƙarar ta zama madatsa, ruwa ya taru a bayanta, ya kutsa ƙarƙashin fale-falen. Kana zaune a falo ana tsananin sanyi a waje, sai ka ga silin yana yoyo kamar soron da ba a yaɓe ba kafin damina. Dogayen tsinkayen ƙanƙara da ke reto a jikin indararo, waɗanda yara ke sha'awa, alamar wannan matsala ce.

A nan manjagarar take amfani. Ba sai ka share rufin duka ba, ƙafa uku zuwa huɗu daga baki sun wadatar. Sharaɗin shi ne a yi aikin ranar da dusar ta sauka, tun tana gari-gari. In ta kwana biyu rana ta taɓa ta, ta sake daskarewa, firam ɗin tsalle zai riƙa yi a kanta.

Tana da nata wahalar. Kafaɗu suna jin jiki, ledar tana naɗewa in akwai iska, kuma bene mai hawa biyu ya fi ƙarfinta. A kula da wayar lantarki da ke shigowa gida, don doguwar ƙota kusa da waya haɗari ne na rai. Dusar da ka sauke kuma kada ka bari ta binne mitar gas ko bututun hayaƙin na'urar dumama gida.

Ƙanƙarar da ta riga ta kama, manjagara ba ta ɓamɓare ta. Na ga maƙwabcina ya hau da guduma, ya fasa ƙanƙarar ya fasa rufin tare. Gishirin titi ma ɓata indararo yake yi ya kashe shuke-shuken da ke ƙasa. Mafita ita ce masu narkarwa da tururi, kuma ɗaruruwan daloli suke caji a awa.

Abin da ya rage mini aikin sosai shi ne gyaran da aka yi a saman silin. Ma'aikata sun toshe kafofin da ke kewaye da fitilu da bututu da ƙofar hawa sama, suka ƙara audugar riƙe zafi har ta kai R-49 a ma'aunin ƙarfin riƙe zafi, suka buɗe hanyoyin iska na bakin rufi da tsohuwar audugar ta toshe. Tun daga nan kuɗin gas ya ragu, manjagarar kuma sai an yi dusa mai yawa nake fito da ita. Wanda gidansa tsoho ne ya fara da wannan gyara a lokacin zafi, kuma ya sayi manjagarar da wuri, domin da babbar dusar farko ta sauka shaguna ƙarewa suke yi.