Bukkar Nono da Babu Mai Tsaro

Jama'a, a rayuwata ban taɓa jin tsoron kuɗi ba sai wata ranar Lahadi a nan kudancin Jamus, ranar da na yi tsaye kusan minti 15 a gaban akwatin kuɗi a buɗe, da takardar yuro 20 a hannuna, na kasa miƙa hannu in ɗauki canjina. Ba ɗan sanda, ba mai gadi, ba ko kare. Daga ni sai firji yana gurnani, sai shanu a bayan shinge suna kallona.

Keke ne ya kai ni wurin. Akwai wani dattijo da muke aiki tare a masana'anta a Kempten, saura kaɗan ya yi ritaya. Shi ya gaji da jin cewa duk hutun ƙarshen mako a ɗaki nake yinsa ina latsa waya, ya sayar mini da tsohon kekensa a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Da farko na ɓoye wa mutanen gida. Kun san halinmu, a ce wane ya tafi Turai shekara huɗu, ga shi can a kan keke, ai an samu abin hira a majalisa. Mu da muka mayar da keke hawan wanda Allah bai hore wa babur ba. A nan kuwa likita ne zai wuce ka a kan keken da kuɗinsa ya fi na wata motar, kuma ko a jikinsa.

Dattijon ya ce in hau jirgin ƙasa zuwa Immenstadt, daga nan in bi hanyar keke da ta taso daga tafkin Bodensee ta tafi har tafkin Königssee, tafiyar fiye da kilomita 400. Ni ɗan yanki kawai zan ɗanɗana, zuwa Oberstaufen, wanda bai kai kilomita 20 ba, in na ji da sauran ƙarfi in ƙara gaba. Ya kuma ja mini kunne a kan tikiti. Ina da na wata-wata da suka fito da shi a 2023, wanda ake hawa jiragen kusa da motocin bas da shi a duk faɗin ƙasar, amma a jihar Bavariya keke ma fasinja ne, tikitinsa daban. Na biya ina ƙunƙuni. A tasha a gida, kwandasta zai ɗaure maka keke a saman mota, ku ɗan yi ciniki, ka ce yaro ne ba ya aiki, ya rage maka. Inji ba ya jin magiya.

Farkon tafiyar daɗi ne zalla. Hanya ta bi gefen tafkin Alpsee, kwalta sumul, duk mararraba da ɗan allo fari mai koren rubutu yana faɗa maka sunan gari na gaba da nisansa. Ba sai ka tsayar da kowa ka yi tambaya ba, wanda ni ban tabbata alheri ba ne, don a rabin yini kalma biyu kawai na yi ta musaya da mutane, “Grüß Gott”, gaisuwarsu ta nan. Ƙasar kuwa kore shar, kamar damina ta zo ta ƙi tafiya. Sunan yankin Allgäu, ana faɗinsa kamar “Algoi”, yana gindin duwatsun Alps, dab da iyakar Ostiriya. Abin da hoto ba ya nunawa shi ne wari. Suna tara kashin shanu da fitsarinsu a rami, su tsotse a tanki su fesa wa ciyawa. Na ratsa wata gona da aka yi wa feshin, sai da na ja wuyan riga na toshe hanci.

Bayan Oberstaufen, da na nufi wajen Stiefenhofen, ƙasa ta nuna mini halinta. Tudu bayan tudu, ka ƙare wannan ka hango ƙanensa yana jiranka. Ni da na taso ina tuƙa Raleigh ɗin babanmu da buhun gero a kariya, na ɗauka babu abin da keke zai koya mini. Ashe ƙasarmu shimfiɗa ce, ita ta yi ta rufa mana asiri. A tsakiyar wani hawa na sauka ina turawa, ina haki, sai ga wata tsohuwa, sa'ar kakata, ta zo ta wuce ni zaune daram a sirdi, har da ɗaga mini hannu. Sai daga baya na lura keken nata mai batir ne, irin wanda ke taya ka tura feda. Duk da haka abin ya yi mini ciwo.

Ruwana ya ƙare a saman tudun, ga shi Lahadi ce, ranar da kantuna ke rufe ruf a ƙasar nan, ko allura ba ka samu. Nan na hango bukkar. 'Yar ƙarama ce ta katako a bakin hanya, kusa da wani gidan gona, ƙofa a buɗe. A ciki akwai firji shaƙe da kwalaben madara da nono, da man shanu, da cuku an yanka an naɗe, kowane da farashinsa. A bango allo ne da aka rubuta kuɗin komai da alli. A kan kanta kuma ga akwatin ƙarfe, murfi a ɗage, tsabar kuɗi da takardu a ciki, da ɗan littafi da biro.

Na yi sallama, da Hausa ma, don baki ya saba. Shiru. Na leƙa waje, na dawo. Na duba rufi ina neman kyamara, wallahi fatana in ganta, don ta zama shaidata. Babu. Na ɗauki nono kwalba biyu da yankin cuku, lissafi ya kama yuro 9 da santi 50. To ga inda gizo ke saƙar: sai na sa hannu a akwatin mutane kafin in ɗauki canji. Baƙin mutum, baƙo, shi kaɗai, hannunsa a cikin kuɗin da ba nasa ba. In wani ya shigo a daidai lokacin, da wane Jamusancin zan yi bayani? Na yi tunanin in bar musu ashirin ɗin gaba ɗaya, zuciya ta ce kai ma ba tsintar kuɗin kake ba. Na yi tunanin in mayar da kayan, ƙishi ya ce bai yarda ba. Haka na tsaya kamar an dasa ni.

Wani magidanci ne ya cece ni, shi da 'yarsa da ba ta wuce shekara bakwai ba. Suka jingine kekuna, ya gaishe ni, ya miƙa wa yarinyar takardar kuɗi. Ita ta buɗe firji, ita ta yi lissafi da yatsu, ta zura hannu a akwatin ta ƙirgi canji, ta rubuta a littafi, suka fita. Uban ko kallon hannunta bai yi ba, ni ma bai kalli nawa ba. Kunya ta rufe ni. Na ajiye ashirin, na ƙirgi canjina sau biyu da ƙarfi kamar akwai mai saurare, na ɗauki hoton allon don in tura gida.

Madarar ɗanya ban taɓa ta ba, don an rubuta a jikin firjin cewa a tafasa kafin a sha, kuma doka ce ta tilasta musu rubutawa. Nonon da na saya shi ne wanda suke kira Buttermilch, wanda aka kaɗe aka cire mai. Na zauna a benci na kurɓa, sai ga ni a tsakar gidanmu da hantsi. Tsaminsa bai kai namu ba, kaurinsa bai kai kindirmo ba, amma ya isa ya tuna mini da Bafulatanar da ke kawo wa innarmu nono, ƙwarya a ka, faifai a rufe. Ta sauke, a auna da ludayi, in babu kuɗi ta ce sai ranar kasuwa. Ba littafi, ba biro, shekara da shekaru ban taɓa jin sun yi musu a kan sisi ba. Kenan kada wani ya ce mini ba mu san amana ba. Tamu dai sai an san fuska, an san gidan ubanka. Ajiye firji irin wannan a bakin titi a garinmu, kafin la'asar har wayar wutar an naɗe, kuma wanda ya ɗauka zai ce tsintuwa ya yi, mai kayan ne sakarai. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, yadda muke yi wa mai yarda da mutane kallon wawa.

Da na ba dattijon wurin aikinmu labari, dariya ya yi, ya ce ai yankin nan da can talauci ya yi masa katutu. Wata irin rama mai shuɗin fure suke nomawa suna saƙa da zarenta, har ana ce wa ƙasar shuɗiyar Allgäu, sai yadin auduga mai araha na masana'antu ya zo ya kashe sana'ar. Wanda ya ga yadda masaƙun Kano da Kaduna suka durƙushe ya san irin wannan mutuwar. A wajajen 1830 wani ɗan yankin mai suna Carl Hirnbein ya kawo dabarar yin cuku mai laushi, ana sayen madara daga hannun ƙananan manoma, gonakin rama suka koma makiyaya, shuɗiya ta zama koriya. Cuku shi ne sirrin: madara ba ta kwana, shi kuwa yana wata da watanni. Wanda na saya, Bergkäse, sai ya yi aƙalla wata huɗu a ajiye kafin a sayar. 'Yan uwanmu na Nijar sun san wannan hikimar da cukunsu. Mu kuwa da dubban garkunan shanu, mai shayinmu da madarar gari ta ƙasar waje yake haɗa mana, nonon ruga yana lalacewa don babu sanyi, babu hanya.

Har hawan rani da saukar kaka suna da shi. Da zafi ya shigo sai a damƙa wa makiyaya ƙananan shanu su hau da su duwatsu, su yi kusan kwana 100, a watan Satumba su sauko, kowa ya karɓi nasa. In babu wadda ta salwanta, sai a yi wa ta gaba ado da furanni, gari ya fito kallo, ƙararrawar wuyansu ta cika kunne. Ina jin wannan na tuna burtalin bayan garinmu da aka nome har ya koma siririn layi, da rigimar da ake yi duk kaka. A nan siririyar waya mai lantarki ce tsakanin saniya da gonar maƙwabci. Na san tana aiki, don na dafa ta.

Da dare ina duba hoton allon kafin in tura, sai idona ya faɗa kan wani layi a can ƙasa: kuɗin ajiyar kwalba, santi 50 kowace. Na ci musu yuro ɗaya. Barci ya ƙaurace mini, ni da nake ta zagin mutanen gida a zuciya tun rana. Asabar na sake sayen tikitin keke, wanda ya ninka bashin sau da yawa, na sake hawa tudun da kwalabe biyu a jaka.

A wannan karon na tarar da mai gidan gonar, mace mai kimanin shekara hamsin, da takalmin roba har gwiwa. Na haɗa ɗan Jamusancina na yi bayani. Ta dube ni, ta dubi tudun, ta ce, “Saboda wannan ka hawo? Ai tunda ka dawo da kwalaben babu bashi.” Ta zagaya da ni garken. Shanu ne masu ruwan ƙasa, kowace da lamba rawaya a kunnuwa biyu, an yi mata rajista tun tana maraƙa. Ta ce kowace tana ba da lita 20 da ɗoriya a rana, na tuna farar saniyarmu da ake lallaɓawa a samu lita ɗaya ko biyu. Inji ke tatsa, madara ta bi bututu ta faɗa tankin sanyi, motar kamfani ta zo ta kwashe duk bayan kwana biyu. Amma ta ce safe da yamma sai an tatsa, babu Lahadi babu biki, kuma kuɗin da ake sayen litar ba ya biyan wahala. Manomi dai ko'ina da kuka yake kwana.

Na tambaye ta ko ba a yi mata sata. Ta ce ana yi mana, an taɓa ɗauke akwatin ɗungurungum, maƙwabcinta ma ya gaji ya sa injin da sai ka jefa kuɗi yake buɗewa. Ita dai ba ta da lokacin zama gadin firji. Raina ya ɗan yi sanyi, ban san dalili ba.

Ta ƙara mini kwalba ɗaya kyauta. Na sayi gero a shagon 'yan Afirka, na nemi citta da kanumfari, na kira innarmu ta bidiyo tana ba ni umarni tana dariya, na yi abin da na kira fura. Na dama da cokali a kwanon tangaran. Wanda duk zai taho nan kusa, don Allah ya saka mini ludayi biyu da 'yar ƙwarya a jaka, a naɗe su cikin zani kada su fashe.