Mai gyaran Adum da ya hana a goge wa 'yata littattafanta

Atamfa nake sayarwa a kasuwar Kejetia da ke Kumasi, ba ruwana da harkar kwamfuta sai da makarantar 'yata ta jefa ni ciki. Tun watan Maris na 2024 da shugaban Ghana na lokacin, Nana Akufo-Addo, ya ƙaddamar da shirin bai wa kowane ɗalibin babbar sakandare kwamfutar hannu, wanda aka ce zai kai ga yara miliyan 1.3, masu makarantun kuɗi suka ce su ma ba za a bar su a baya ba. Ta gwamnati kyauta ce. Mu da yaranmu ke ƙaramar sakandare ta kuɗi, takarda kawai aka aiko mana: kowane yaro da tasa, kuɗin yana cikin na zango. Muka biya, bakinmu alaikum.

Wata huɗu kwamfutar ta yi lafiya. Ranar wata Talata yarinyar ta cusa ta a jaka tare da gorar ruwa, ta hau trotro, wato ƙaramar motar haya, daga Aboabo, wani bawan Allah ya zauna a kan jakar. Gilashin ya tsattsage kamar saƙar gizo-gizo. Dama can bakin cajin ya fara wasa, sai an tokare waya da littafi kafin wuta ta shiga. Na je makaranta, aka ce garanti bai shafi fashewa ba, kuma ba su da mai gyara. An raba wa yara kaya, ba wanda ya yi tunanin ranar lalacewarsu.

Masu gyara biyu na fara kai wa a unguwar Adum. Dukansu ko buɗe ta ba su yi ba suka ce sai an yi mata filashin, wato a goge duk abin da ke ciki a sake ɗora mata manhaja. Na uku, wanda shi nake son ba ku labari, yana ƙarƙashin matakalar wani bene a wajen PZ, shagon ko allon suna babu, tebur ne da fitila da yaron shago ɗaya. Ɗan Asawase ne, Hausa muka yi da shi. Da ya kunna ta ya ga tambarin makaranta sai ya ajiye.

"Mma, kar ki yarda kowa ya yi mata filashin. Akwai makullin makaranta a ciki."

Ya yi mini bayani yadda zan gane. Makarantu suna saka wata manhaja da ke hana yaro shiga YouTube da TikTok, ta nan kuma suke tura littattafai da aikin gida. In aka goge na'urar, littattafan sun tafi, wani lokaci ma ta ƙi buɗewa gaba ɗaya sai an mayar wa masu ita. Da na bi maganar mutanen farko, da na biya kuɗi an mayar mini da ita faranti.

Sai ya haska fitila ya nuna mini cewa hoton da ke ƙasa garau yake. Ashe fuskar hawa biyu ce, gilashin taɓawa a sama, allon hoto a ƙasa, kuma na saman ne kaɗai ya mutu. Bai caje ni kuɗin duka biyun ba, ko da yake da ya yi hakan ba zan sani ba. Bakin cajin kuwa, gilashin ƙara girma ya sa a ido, ya zaƙulo ƙura da zaren jaka da allura, sannan ya ɗora dalma a ƙafafun da suka saki. Ya danna batirin da yatsa ya ce ya fara kumbura, ya tambaye ni wace caja muke sa mata. Kunya ta kama ni. Ta asalin ta ɓata tun watan farko, wata mai araha na saya a bakin titi, a jone take kwana, ko an ɗauke wuta an dawo da ita da ƙarfi.

To, ga inda ya ɓata mini rai. Kwana uku ya ce, kwana goma sha shida muka yi. Irin waɗannan kwamfutocin da ba su da sanannen suna, kayansu ba sa nan birjik kamar na Samsung ko Tecno. Daga Circle a Accra ya sa aka aiko da gilashin, na farko ya zo bai yi daidai ba, aka sake. Wannan ba laifinsa ba ne. Laifinsa shi ne ba ya ɗaga waya. Sau uku ina barin shago a hannun maƙwabciya ina hawowa Adum don jin "gobe in sha Allah". Wurin zama babu, rasit ma sai da na matsa ya rubuta a bayan kati.

A kwanakin nan yarinyar ta sha wuya. Malamai sun daina rubuta aikin gida a allo, komai ta na'ura yake zuwa, sai ta tsaya bayan an tashi ta kwafa daga wajen ƙawarta. Abin ya ba ni mamaki, tunda jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare da ke gabansu da biro da takarda za su rubuta ta.

Yanzu wata biyu ke nan da gyaran. Caji yana shiga ba tokari, littattafanta duk suna nan. Kusurwar dama ta sama ce kawai sai an danna sau biyu, ya kuma gaya mini hakan tun kafin in biya, ya rage mini wani abu a kuɗin aikin. Zan koma wurinsa, na ma tura iyaye biyu daga ajinsu. In za ku je, ku tafi da cajar da kuke amfani da ita, zai nemi ganinta. Ran Juma'a kuma da azahar ba ya nan. Ita kuwa kwamfutar, na sa tela ya ɗinka mata riga da ragowar atamfa da soso a ciki, a ƙirji yarinyar ke rungume ta in ta hau mota.