Sharhi kan sandar fatsa mai ƙafa 9 a kogin kifin tirawut mai sanyi

Sandar da zan yi magana a kanta ita ce irin wadda masu fatsa da jabun ƙwaro suka fi fara saya: tsawonta ƙafa 9, wato kimanin mita 2.7, an yi ta da zaren kabon, tana rabuwa gida huɗu, kuma an ƙera ta domin igiya mai lamba 5. Wannan lamba tana da muhimmanci, domin a wannan salon kamun kifi nauyin igiya ne ke kai ƙugiya inda ake so, ba nauyin koto ba, kuma bisa ma'aunin da masu ƙera kayan suke bi, ƙafa 30 na farkon irin wannan igiya nauyinsu kusan giram 9 ne. Na yi aiki da ita a ƙarshen hunturu, lokacin da ƙanƙara ta fara narkewa tana gangarowa cikin koguna, abin da a ƙasashen arewacin duniya yakan faɗo a Maris da Afrilu.

A irin wannan lokaci ruwa yakan tsaya a digiri 4 zuwa 6 a ma'aunin Selsiyus, alhali kifin tirawut ya fi kuzari idan ruwan ya haura digiri 10. Jikinsa yana bin sanyin ruwan ne, saboda haka sai ya lafe a ƙasa, a gurbi mai zurfi inda ruwa ba ya gudu sosai, kuma ba ya wahalar da kansa wajen bin abinci. Dole ne mai fatsa ya kai masa koto har bakinsa. Wannan ya sa jifa mai nisa, wadda masu talla suke yawan yabon sanduna a kanta, ba ta da wani amfani a nan. Abin da ake bukata shi ne sandar da za ta sanar da hannu abin da ke faruwa a ƙarƙashin ruwa.

A wannan fanni ta burge ni ƙwarai. Na ɗaura mata jabun tsutsar ƙwaro irin wadda Frank Sawyer, mai kula da kogin Avon a Ingila, ya ƙirƙira da gashin jelar tsuntsu da siririyar wayar tagulla, sai dai tawa tana da ɗan ƙwallon tangsten, wani ƙarfe mai nauyi, a ka domin ta nutse da sauri. Kan sandar yana da laushi daidai gwargwado, har mutum yana jin tsutsar tana ƙwanƙwasar tsakuwa ɗaya bayan ɗaya, yana kuma iya bambanta wannan da kamun kifi, wanda a ruwan sanyi ba fizga ba ce, ɗan tsaiko ne kawai da igiya takan yi kamar ta maƙale a ganye. Laushin kan yana kuma kare siririn zaren da ake ɗaura ƙugiya da shi, mai kaurin kusan milimita 0.15, daga tsinkewa idan kifi ya yunƙura.

Da rana ta ɗaga, musamman ranar da hadari ya rufe sama, ƙananan ƙwari sukan fito saman ruwa, kifi ya taso yana tsintarsu. Sandar tana ajiye ƙaramin jabun ƙwaro mai ƙugiya lamba 18, wato 'yar mitsitsiya, a hankali ba tare da ta firgita kifi ba, ko da yake wannan dama ba ta daɗewa.

Babban aibinta shi ne ƙanƙantar zobban da igiya ke bi ta ciki. Idan sanyin iska ya kai ƙasa da digiri sifili, ruwan da igiya ke ɗebowa yakan daskare a cikinsu, zoben ƙarshe ya toshe, igiya ta ƙi tafiya. Ɓamɓare ƙanƙarar da yatsa ganganci ne, domin kan sandar siriri ne kuma ba ya jure murɗawa; gara a tsoma shi cikin kogin a ɗan kaɗa, tunda ruwan ya fi iskar ɗumi. Mariƙin ma ya yi mini siriri, kuma hannun da ya sandare cikin safar hannu ba ya samun riƙo mai kyau a kansa.

Tsawonta kuma yakan gaza idan ana son ɗaga igiya daga kan ruwa mai gudu domin tsutsa ta bi ta ƙasa a natse. Wanda aikinsa duka fatsar ƙarƙashin ruwa ce zai fi jin daɗin sanda mai ƙafa 10 da igiya lamba 3, domin ƙarin ƙafa ɗayan nan yana ba shi damar kaiwa gurbin da ke bayan dutse ba tare da ya ƙara kutsawa cikin ruwan ƙanƙara ba.