Toshe talla ko biyan kuɗin wata: amsa ga Malam na Marwa

Allah ya gafarta Malam, na ga tambayarka tun daren jiya, an ɗauke mana wuta ne a nan Garwa shi ya sa sai yanzu. Ka ce waya ɗaya ce a gidan, da ita yara ke kallon karatu da fina-finan Hausa a YouTube, forfen mako, wato datar da kake saye ta mako guda, ba ya kai kwana huɗu, ga tallan caca da hotunan da ba su dace ba suna faɗowa a gaban yara. Ɗan ƙanenka na Duwala ya ce ka biya kuɗin wata talla ya ɓace, wani kuma ya ce sauya burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, kawai ya wadatar. Ni sana'ata gyaran waya ce, kusan kullum sai an zo mini da wannan kukan.

Bari in fara da biyan kuɗin. Kowane kamfani nasa daban yake karɓa. Wanda ya biya Netflix bai cire ko talla ɗaya daga YouTube ba, kuma na sha ganin waɗanda suka yi wannan kuskuren. Mai cire tallan YouTube shi ne YouTube Premium, shi ma ba a kowace ƙasa ake sayar da shi ba, sai ka fara dubawa ko zai buɗe maka. Galibi kuma katin banki suke nema, alhali yawancinmu Orange Money ko MoMo ne a hannunmu.

Farashin kuwa hawa yake yi, ba ya sauka sai nadiran. A Amurka YouTube Premium ya tashi daga dala 11.99 zuwa 13.99 a watan Yulin 2023, wato ya haura sefa dubu bakwai a wata. Disney+ ya fara da dala 6.99 a 2019, zuwa ƙarshen 2024 marar tallan ya kai 15.99. Netflix ya hana raba lambar sirri tsakanin gidaje a 2023, sannan a Janairun 2025 ya kai matsakaicin tsarinsa dala 17.99. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, su da suka tara jama'a da alkawarin kallo babu talla, sun dawo da shi ta bayan gida. Netflix ya fito da tsari mai talla a Nuwamban 2022, Prime Video kuma a farkon 2024 ya sa wa masu biya talla, ya ce mai son a cire masa ya ƙara dala 2.99. Gaskiya ne farashinmu na Afirka bai kai nasu ba, amma maƙwabtanmu na Najeriya sun ga ƙarin kuɗin Netflix har sau biyu a cikin 2024 kaɗai.

Sannan Malam, mu a nan sau biyu muke biya. Mutumin Turai intanet ɗin gidansa ba a auna masa, mu kuwa kowace mega da kuɗi muka saye ta. Netflix da kansa ya ce kallo mai tsabta sosai yana iya cin giga 3 a awa guda, mai sauƙin kuma kamar mega 300. Ka biya kuɗin wata, ka koma ka sayi forfen da za ka kalla da shi. Tallan ma da ba ka nema ba, da datarka ake sauke shi. Don haka kuɗin wata ba zai hana forfenka ƙarewa ba. Abin yabonsa dai ba zan ɓoye ba: talla yana ɓacewa a cikin manhajar kanta, kana iya sauke bidiyo ka kalla daga baya, kuma wani kaso na kuɗin yana zuwa ga masu tashoshin da kake kallo.

To, sai burauza. Chrome ita ce kusan kowa ya tarar a wayarsa, tana da sauri, kuma babu shafin da ke ƙin ta. Sai dai ta Google ce, Google kuwa kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗin shigarsa daga talla yake, YouTube ma nasa ne. Ba za ka sa ran mai shago ya rufe ƙofar shagonsa da hannunsa ba. Chrome ta waya ba ta karɓar ƙarin manhajojin toshe talla ko kaɗan. A kwamfuta da tana karɓa, amma daga 2024 suka koma sabon tsarin da suke kira Manifest V3, wanda ya kashe uBlock Origin na asali, wato wani ƙari mai toshe talla, ya bar ƙaramin ƙanensa uBlock Origin Lite da bai kai shi ƙarfi ba.

Firefox ita ce ta bi tata hanyar. Brave da Opera da Edge da ta Samsung duk a kan Chromium, injin da Chrome ke tafiya da shi, aka gina su, ita kuwa da nata injin take tafiya, gidauniyar Mozilla ce ke bayanta. A wayar Android kana shiga wurin ƙari, ka zaɓi uBlock Origin, ka danna, shi ke nan. Wani mai suna Raymond Hill ne ya rubuta shi tun 2014, kyauta yake bayarwa, ko gudummawar kuɗi ba ya karɓa, kuma kowa na iya duba yadda aka rubuta shi. A ganina babu abin toshe talla da ya kama ƙafarsa. Aibin Firefox biyu: a ƙananan wayoyi masu ƙwaƙwalwar giga 1 ko 2 tana ɗan jan ƙafa, a iPhone kuma ba ta ɗaukar wannan ƙarin.

Brave ta fito a 2016, kuma garkuwarta ta toshe talla a jikinta take, ba sai ka ƙara komai ba. Da ka sauke ta, ta fara aiki. Kamanninta na Chrome ne, wanda ya saba da waccan ba zai ɓata ba, shi ya sa ita nake yawan sa wa dattawa da iyayenmu mata. Tana da nata hotunan talla a sabon shafi da wani tsarin ladan kuɗin intanet, duka ana kashe su a saituna, ni kuma kashewa nake yi kafin in miƙa wa mai waya abinsa.

Opera Mini ta karatu ce. Tana matse shafi a na'urorin kamfaninta kafin ya iso gare ka, saboda haka a ƙauye inda rezo, wato sabis ɗin waya, ke zuwa yana tafiya, ita ce ke buɗe labarai. Don bidiyo kuwa kada ka dogara da ita, kuma shafinta na farko cike yake da nata tallan.

Ga wurin da mutane ke ruɗewa. Burauza tana toshe abin da aka buɗe a cikinta ne kawai. Idan yara suka danna jar alamar YouTube da ke fuskar waya, Firefox da Brave ba su da ta cewa, sai an rubuta adireshin YouTube a cikin burauzar an kalla daga can. Ko a can ma ba zaman lafiya ne ɗari bisa ɗari ba, domin tun ƙarshen 2023 YouTube ke yaƙar masu toshewa. Wata rana bidiyo ya ƙi tashi ko ya yi jinkiri, bayan kwana ɗaya ko biyu masu garkuwar su gyara, haka ake ta yi.

Akwai hanya ta uku da ba ka tambaya ba, kuma ita ce ta fi kusa da damuwarka ta yara. Daga Android 9 zuwa sama, a saitunan rezo akwai wurin da aka rubuta DNS privé idan wayar da Faransanci take. Ka rubuta family.adguard-dns.com a wurin. Wannan yana tare tallan da ke cikin wasanni da ƙananan manhajoji, yana kuma rufe shafukan batsa a duk faɗin wayar, ba a biyan ko sisi. Tallan YouTube ne kawai ya fi ƙarfinsa, saboda daga gida ɗaya talla da bidiyon ke fitowa. Shi kuma wannan, a asusunka na Google akwai shafin My Ad Center, inda za ka ce a rage maka tallan caca, na giya da na neman abokan soyayya.

Abin da nake roƙonka da girman Allah ka guje masa shi ne manhajar nan da ake turawa daga waya zuwa waya a ce YouTube ce marar talla. Wadda aka fi sani, Vanced, an rufe ta tun Maris na 2022, yawancin masu yawo da sunanta yanzu ba a san wanda ya haɗa su ba. Kwanaki wata baiwar Allah mai sayar da ƙosai ta kawo mini wayarta, talla yana rufe fuskar gaba ɗaya ko kira take amsawa, batir yana zafi kamar an ɗora a murhu. Da na duba, irin wannan manhajar ce ɗanta ya karɓo, kuma an ba ta izinin karanta saƙonni, inda duk bayanan cinikinta ke shigowa. Sai da muka wanke wayar tas, ta sauya lambar sirrinta. Garin neman gira ta kusa rasa ido.

Saura abu ɗaya da ke damun zuciyata, ba zan rufe maka shi ba. Fina-finan nan masu dogon zango da 'yan Kano ke sakawa duk mako, da karatuttukan da almajiran malamai ke ɗorawa, da yawansu da kuɗin talla suke tsaye. YouTube yana ba mai tasha kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallan dogon bidiyo. Daga ciki ake biyan mai ɗaukar hoto, mai tace shi, da man janareta. Idan dukkanmu muka toshe, mun ci guminsu ba mu ba su komai ba. Shi ya sa ni na raba abin biyu. Shafukan da ke jefo mini tallan caca da tsiraici, waɗanda ke buɗe shafi uku idan na taɓa ɗaya, ina toshe su ba tare da wani nauyi a raina ba. Tashoshin da nake amfana da su kuwa a manhajar YouTube nake kallonsu, in bar tallan ya wuce.

Da wayarka na hannuna, Malam, ba zan biya kuɗin wata ba. DNS ɗin nan zan fara sawa, in gyara My Ad Center, sannan in sauke Brave, ko Firefox da uBlock Origin idan ƙwaƙwalwar wayar ta kai giga 3. Maganar forfe kuma, ba talla ne babban mai cinsa ba, tsabtar hoton ce. Ka shiga saitunan YouTube ka zaɓi tsarin tsimin data, ko ka riƙa mayar da bidiyo 360p, wanda a ƙaramar fuskar waya ya ishi ido, karatu ma 240p ya wadatar tunda murya ake bi. Ka kashe abin da ke sa wani bidiyo ya tashi da kansa bayan wani ya ƙare, domin yara sukan yi barci su bar shi yana ta zuba. Idan ka ga alamar saukewa a ƙarƙashin bidiyo, ka sauke da forfen dare mai araha su kalla da rana.

Ka turo mini samfurin wayar da lambar Android ɗinta. Idan ba ta kai 9 ba, DNS ɗin ba zai fito a saituna ba, sai in nuna maka yadda za mu yi da ita.