Na'urar jan taru mai aiki da matsin mai: ta hutar da baya, idan an kafa ta daidai

Duk wanda ya ga masunci yana jan jiƙaƙƙen taru ya san inda ciwon baya ke samo asali: ya sunkuya a bakin jirgi, hannaye a miƙe, ƙugu a murɗe, jirgin kuma yana tangaɗi. Wannan na'ura ta ɗauke mafi yawan wahalar nan. Famfo ke tura mai ta cikin tiyo, man ya juya tayoyin roba, su kuma su damƙi tarun su hau da shi. Abin da ya rage wa mutum shi ne cire kifi yana tsaye. A nan dole a yaba mata.

Sai dai wurin kafa ta ake yawan kuskure. Tarun ya kamata ya riƙa fitowa tsakanin ƙugun ma'aikaci da gwiwar hannunsa, kuma ta gabansa. Idan ya yi ƙasa, sunkuyo ya dawo. Idan ya yi sama, kafaɗa ta ɗauki nauyin. Teburin tsince kifi ya zauna kamar santimita 10 zuwa 15 ƙasa da gwiwar hannu, da ɗan gurbi a gindinsa da yatsun ƙafa za su shiga, don mutum ya matso jikinsa sosai. Sandar tsayar da na'urar kuma ta kasance inda hannu ɗaya zai kai nan take, domin tayoyin ba sa bambance taru da safar hannu.

Robar tayoyin ita ce raunin na'urar. Da ta sulɓe sai taru ya fara zamewa, masunci ya koma taya ta ja da hannu ba tare da ya lura ba. A sauya ta da wuri. Gishirin teku kuma yana cin bakin tiyo, mai ya ɗiga a daɓen jirgi ya zama santsi. A ɗauraye ta da ruwan daɗi bayan kowace fita, a shafa giris.

Abin da ba ta taɓa ba shi ne akwatin kifi. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata a wurin aiki, ta ɗauki kilo 23 a matsayin iyaka ga mai ɗagawa a yanayi mafi kyau, ƙasa ba ta motsi. Akwati mai kilo 40 da ƙanƙara ya zarce haka nesa. Wanda zai sayi na'urar ya haɗa da ƙananan akwatuna masu mariƙi biyu da hudar tsiyayar ruwa.