Barolo ko Chianti Classico: Wacce Ta Dace da Wane Abinci?

Dukansu jar giyar inabi ce ta Italiya, amma hali ya bambanta. Chianti Classico daga Tuskani take, tsakanin Fulorans da Siyena, yankin da aka shata wa iyaka tun 1716, kuma baƙin zakara ne tambarinta. Aƙalla kashi 80 cikin ɗari na inabinta nau'in da ake kira Sangiovese ne. Tsami ne ƙarfinta, shi ya sa take jituwa da taliya mai miyar tumatir da gasasshen naman sa. Ba ta da wuyar sha'ani.

Barolo kuwa sai an yi haƙuri da ita. Daga tuddan Langhe take, kusa da garin Alba a Piyamonte, kuma da inabin Nebbiolo zalla ake yin ta. Doka ta hana sayar da ita kafin ta yi wata 38, 18 daga ciki a gangar katako. Launinta bai cika duhu ba, har mutum ya raina ta, amma tana shiga baki sai bauri ya kama harshe kamar na goro. Ƙamshinta na furen wardi ne haɗe da kwalta. Abin da mamaki, amma masana giya sun daɗe suna faɗar haka. Maiƙo ne ke kwantar da baurin nan, don haka mutanen yankin ke haɗa ta da naman da ya daɗe a wuta, ko tsohon cuku. A ganina, ajiye ta gefen abinci mara maiƙo asarar kuɗi ce, ga ta da tsada.