Littattafan jarumai masu zane a kan bore da mulkin kama-karya: wanne za ka fara saya?

Kafin ka fitar da kuɗi, ka tambayi kanka wane irin azzalumi kake son gani a labarin. Akwai littafin da azzalumin gwamnati ce, jarumi yana yaƙarta daga waje, akwai kuma wanda jarumin da kansa ne ya rikiɗe ya zama Fir'auna. Ni na fi ganin darajar na biyun, domin shi ne yake hana mai karatu barci.

V for Vendetta na Alan Moore da David Lloyd shi ne kowa ke fara ambata. Ya soma fitowa a mujallar Warrior ta Ingila a 1982, kamfanin DC ya kammala shi tsakanin 1988 da 1989. Jam'iyyar Norsefire ta ƙwace Ingila bayan yaƙin nukiliya, wani mutum mai suna V, sanye da abin rufe fuska mai kamannin Guy Fawkes, mutumin da ya taɓa yunƙurin tarwatsa majalisar Ingila a tarihi, ya tarwatsa ginin majalisa tun a shafukan farko. Abin da ya ɗaga littafin shi ne bai wanke V ba. Shi da kansa ya kulle yarinyar da ya ceta, Evey, ya aske mata kai, ya gana mata azaba, wai don ya cire mata tsoro. Za ka rufe littafin kana ta muhawara da zuciyarka. Sai dai Turancinsa da nauyi, launinsa dishi-dishi, kuma akwai tsiraici da kisa, don haka ba na yara ba ne. Wanda ya kalli fim ɗin kada ya ɗauka ya san labarin, sun bambanta ƙwarai.

Idan kuɗinka na littafi ɗaya ne, Superman: Red Son na Mark Millar, wanda ya fito a 2003, shi nake ba da shawara. Jirgin da ya ɗauko Superman yana jariri bai sauka a Amurka ba, ya faɗa wata gonar gwamnati a Yukren zamanin Tarayyar Sobiyet. Ya girma da tambarin guduma da lauje a ƙirji, bayan mutuwar Stalin kuma ya karɓi mulki. Ya kawar da yunwa da aikata laifi, amma duk wanda ya ja da shi sai a yi masa aiki a ƙwaƙwalwa ya zama mai biyayya. Batman, da hularsa ta sanyi irin ta Rashawa, shi ne ɗan tawaye a nan. Tambayar da littafin ke yi ita ce ko cikar ciki ta isa a sayar da 'yanci, kuma labarin ya ƙare cikin kundi ɗaya, ba ci gaba da za ka nema.

Injustice: Gods Among Us, wanda Tom Taylor ya fara a 2013, shi ma Superman ne ya zama mai kama-karya, bayan mugun nan Joker ya yaudare shi ya kashe matarsa Lois. Yana da saurin karantuwa da daɗin faɗa, amma an raba shi shekaru biyar, kowace da kundinta, sai aljihu ya ji a jikinsa.

Black Panther: A Nation Under Our Feet na Ta-Nehisi Coates, 2016, na mai haƙuri ne. Talakawan Wakanda, wata ƙagaggiyar ƙasa a Afirka, da wasu dogarai mata biyu, Ayo da Aneka, sun juya wa Sarki T'Challa, wato Black Panther, baya, kuma marubucin bai nuna cewa duk laifinsu ne ba. Farkonsa yana tafiyar hawainiya, magana ta fi naushi yawa.

Civil War na 2006 kuwa, inda Captain America ya ƙi dokar yi wa jarumai rajista, ka tsaya a ainihin kundin mai fitowa bakwai. Sauran littattafan da ke ɗauke da sunan rassa ne kawai.

Kowanne ka zaɓa, ka nemi kundin da aka haɗa wuri ɗaya maimakon fitowa ɗai-ɗai, ya fi araha. Idan na hannu ne, ka buɗe tsakiya ka duba ɗaurin, domin nan ne shafuka ke fara zubewa.